Daga Sauro Zuwa Maitama: Yadda Unguwannin Masu Kuɗi Suka Yi Hannun Riga da Motar Haya

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Keffi zuwa Abuja da sassafe ya san abin da ake kira cunkoso. Tun kafin gari ya waye motoci sun fara jeruwa daga Masaka, su biyo ta Mararaba da Nyanya, su ratsa Kugbo, kowa na neman ya kai shataletalen AYA kafin hanya ta cushe. Daga Mararaba zuwa tsakiyar birni tafiyar ba ta wuce kilomita 20 ba, amma ranar da abin ya ɓaci sai ta cinye wa mutum awa biyu. A cikin masu wannan sammako akwai ma'aikatan gwamnati da na banki, akwai kuma kuku da direba da maigadi da mai ba shuke-shuke ruwa, waɗanda aikinsu ke Asokoro da Maitama. Su waɗannan ko sun iso birni tafiyarsu ba ta ƙare ba. Motar haya za ta ajiye su a bakin babban titi, sauran kuma su ƙarasa a ƙasa, domin layukan da gidajen manya suke babu bas, babu acaɓa, babu a-daidaita-sahu.

A Landan abin ba haka yake ba. Mayfair tana cikin unguwannin da suka fi tsada a Ingila, kuma tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa ne suka yi mata zobe: Bond Street, Green Park, Marble Arch, Oxford Circus, Hyde Park Corner. Dillalin gidaje a can idan zai tallata gida, kusan abu na farko da yake faɗa shi ne minti nawa za a taka zuwa tasha, kuma gwargwadon kusancin gida da tasha gwargwadon tsadarsa. Dillalinmu na Abuja ko Legas kuwa da me yake koɗa gida? Wurin shiru ne, babu hayaniya, babu 'yan acaɓa, akwai get. Wato abin da ake ƙara wa gida kuɗi saboda shi a can, rashinsa ake saye da tsada a nan.

Wannan bambanci ba halin mutane ba ne kawai. Yana da tarihi, kuma tarihin ya faro ne daga wani wuri da mai karatu ba zai zata ba: cikin sauro.

Lissafin manomin Jamus

Kafin mu je ga sauron, bari mu ɗan tsaya kan abin da masana tattalin arziki ke cewa game da tsadar fili. A 1826 wani manomi Bajamushe mai suna Johann Heinrich von Thünen ya fitar da wani lissafi da ya samo daga littattafan gonarsa. Ya lura cewa gonar da ke kusa da kasuwa ta fi ta nesa daraja ko da ƙasarsu iri ɗaya ce, saboda mai gonar nesa sai ya cire kuɗin dako daga ribarsa. Abin da na kusa ya tsira da shi na kuɗin dako, shi ne yake biya a tsadar fili. A 1964 William Alonso a Amurka ya ɗauko wannan tunani ya ɗora shi a kan birane. A taƙaice, kuɗin haya da kuɗin mota aljihu ɗaya suke fitowa. Ka zauna kusa da wurin aiki ka biya mai gida, ko ka zauna nesa ka biya direba da lokacinka.

Akwai kuma abin da wani masani ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya bayyana a 1994, bisa aikin da Yacov Zahavi ya riga shi yi: a ko'ina, kuma a kowane zamani, mutane kan ware wa zirga-zirga kimanin awa ɗaya a yini, rabi tafiya rabi dawowa. Mai tafiya a ƙasa yana cin kilomita 5 a awa. Shi ya sa tsofaffin birane ba su cika wuce faɗin kilomita 5 ba, wato rabin awa daga gefe zuwa tsakiya. Idan aka samu abin hawa mai sauri, ba lokacin tafiya ke raguwa ba, garin ne ke faɗaɗa.

Birnin Kano na cikin badala ya yi daidai da wannan ma'auni. Gari ne na ƙafa da jaki da doki, kuma darajar wuri tana bin kusancinsa da fada da Kasuwar Kurmi, waɗanda duka tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa suke, a ƙarni na 15. Attajiri ba ya gudun mutane, cikinsu yake nema. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, a Koki ya zauna, cikin lungu, da maƙwabta da almajirai da barori da fatake masu sauka. Zaure a buɗe, ba get. A wancan tsari mai kuɗi da mai yi masa aiki liman ɗaya suke bi, kuma ba wanda ke biyan kuɗin mota don ya je aiki.

Yadi 440

A 1897 wani likitan sojan Ingila a Indiya, Ronald Ross, ya gano ƙwayar zazzaɓin maleriya a cikin sauro. Babban bincike ne, har ya ci masa kyautar Nobel a 1902. A lokacin zazzaɓi na kashe Turawa a gaɓar Afirka ta Yamma ba ƙaƙƙautawa, don haka nan da nan aka turo tawagogin likitoci. Ross da kansa ya zo Firitawun ta Saliyo a 1899. Wasu likitoci biyu, Stephens da Christophers, suka auna jinin mutane a garuruwan gaɓa, suka tarar yawancin ƙananan yara na ɗauke da ƙwayar cutar. Wannan gaskiya ne. Shawarar da suka yanke a kai ita ce matsalar: tunda sauro daga jikin yaran 'yan ƙasa yake ɗauko cutar, kuma da dare yake cizo, to Bature ya kwana nesa da 'yan ƙasa.

Ba kowa ya yarda ba. Gwamnan Legas na lokacin, William MacGregor, wanda shi ma likita ne, ya ƙi wannan ra'ayi. Shi a ganinsa a yashe fadamu, a haƙa magudanai, a raba wa kowa maganin kwinin, baƙi da fari, domin idan aka bar cutar a cikin gari ba wanda ya tsira. Ra'ayinsa ya fi kusa da abin da kimiyyar yau ta tabbatar, amma ya fi tsada, kuma bai yi daidai da abin da zuciyar masu mulki ke so ba. Masu cewa a ware su suka yi rinjaye.

A Saliyo aka fara. Aka gina wa Turawa unguwa a kan dutse a bayan Firitawun, mai suna Hill Station. Abin lura a nan shi ne ba a bar ta haka nan ba: an shimfiɗa mata layin dogo nata na kanta, wanda ya fara aiki a 1904, yana sauko da jami'ai ofis da safe, ya mayar da su da yamma. Ashe unguwar keɓe ta farko a wannan yanki da jirginta aka haife ta. An rufe layin a 1929, bayan da mota ta yawaita. Wannan ɗan labari ya ƙunshi kusan duk abin da ya biyo baya. Muddin babba na buƙatar abin hawa na haɗaka, ana samar da shi. Ranar da ya samu motar kansa, shi ke nan.

A Nijeriya Lugard ne ya mayar da abin doka. Dokar garuruwa ta 1917 ta raba gari gida-gida: wurin Turawa daban, wurin baƙi 'yan ƙasa daban, kuma a tsakani a bar fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a yarda a yi gini a ciki ba. Yadi 440 kimanin mita 400 ke nan. An ɗauka sauro ba ya wuce haka a tashinsa. Yanzu mun san sauron maleriya na iya cin fiye da kilomita guda, balle idan iska ta taimaka masa. Ban da haka ma, Bature ba ya iya kwana ba kuku ba boyi, don haka a bayan kowane gida sai da aka gina ɗakunan barori, abin da muke kira boskwata. Wato an kori gari saboda sauro, an kuma shigo da mutanen gari ta ƙofar baya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa lafiya hujja ce, ba ita ce dukkan dalili ba.

Filin da aka hana ginawa bai zauna a banza ba. A nan aka yi filayen sukuwa da na folo da na wasan golf. Duk inda ka ga irin waɗannan filaye kwance tsakanin tsohon gari da GRA, a Kano ko Kaduna ko Zariya ko Jos, to sau da yawa ragowar wancan shinge kake gani. Sunan unguwar ma a takarda da farko keɓaɓɓen wurin Turawa ne. Daga baya, da abin ya fara zama abin kunya, aka sauya shi zuwa GRA, wato wurin zama na gwamnati. Hausawa kuwa tun farko sun sa mata nasu sunan: bariki. Har yau idan aka ce wane ɗan bariki ne, ana nufin ya fita daga idon unguwa, yana zaune inda ba mai tsawata masa.

Nasarawa ta Kano

Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, ba su daɗe a cikin birni ba suka koma gabas, bayan badala, wajen gidan sarki na Nasarawa da kuma Bompai. A Nasarawa Dan Hausa ya buɗe makarantarsa a 1909. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa tasha da kantunan kamfanoni tsakanin birni da barikin, sannan aka yanka Sabon Gari a 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Layin dogon da kansa ya zama wani shinge.

Abin da ya fi muhimmanci ga zancenmu shi ne girman fili. Gidan bariki guda yakan zauna a kan eka ɗaya ko fiye, da itatuwa da lambu, alhali a Sabon Gari ko Fagge filin da bai kai kwatansa ba iyalai da yawa ke ciki. To motar haya da yawan mutane take rayuwa. Direban bas na buƙatar ya tsaya ya cika ya tashi. Titin da gida goma ne kacal a tsawon kilomita guda, kuma kowane gida da motarsa, ba abin da zai kai shi. Don haka ko ba a kafa dokar hana shiga ba, yanayin yankan filin ya riga ya kore shi. Wannan shi ne gadon da ya fi daɗewa: an manta da sauro, an manta da Lugard, amma iyakokin filaye suna nan a takarda.

Da aka zo mulkin kai, manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji gidajen, suka kuma gaji abin da ke tafiya da su, wato bashin sayen mota da alawus ɗin kula da ita. Babban ma'aikaci shi ne mai gida a GRA da mota a gareji. Kuɗin Udoji na 1974 da kamfanonin haɗa motoci, Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, waɗanda suka fara aiki a 1975, suka ƙara tabbatar da haka. Masu tsara sufurin gari ba su hawa abin da suke tsarawa. A ganina wannan ya fi rashin kuɗi bayyana dalilin da ya sa kamfanonin bas na gwamnati suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka, a cikin unguwanni ukun da muke dubawa Nasarawa ce ta fi sauƙin shiga, ita ce kuma ta fi sauƙin kuɗi. Gari ya riga ya haɗiye ta. An yayyanka manyan filayen, an mayar da gidaje da dama makarantu da asibitoci da otal da shaguna, musamman a bakin manyan tituna irin su Ahmadu Bello Way da Audu Bako Way. Kasuwanci ya jawo mutane, mutane suka jawo abin hawa. Tun da aka hana ɗaukar fasinja a acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, a-daidaita-sahu ya zama motar kowa a Kano, kuma yana shiga yawancin titunan Nasarawa. Mai aiki a can da ke zaune a Giginyu ko Hotoro ko Badawa ba shi da nisa sosai. Tsofaffin mazauna na kukan an ɓata musu unguwa, kuma ta wata fuskar suna da gaskiya, domin itatuwa da yawa sun tafi. Amma ɓacin nan shi ne ya sa mai wanki ke iya zuwa aiki da ɗan abin da ke aljihunsa.

Ikoyi

Legas ta ɗauki abin ta wata siga saboda ruwa. Magudanar da aka haƙa a zamanin MacGregor don yashe fadama, wadda ke ɗauke da sunansa, ita ce ta raba Ikoyi da tsibirin Legas. Abin mamaki, aikin mutumin da ya ƙi wariya shi ya zama iyakar unguwar wariya, da aka fara gina wa Turawa gidaje a Ikoyi daga wajajen 1920. Har yau a Obalende, bakin ƙofar Ikoyi, manyan tashoshin mota suka tsaya.

A lissafin Alonso tsadar Ikoyi da Victoria Island tana da ma'ana. A nan bankuna da kamfanonin mai da manyan ofisoshi suke, kuma mafi yawan masu aiki a cikinsu daga hayin ruwa suke zuwa ta gadoji uku kacal: Carter, Eko, da ta uku mai tsawon kilomita 11.8 da aka kammala a 1990. Wanda ya kama haya a Ikoyi awoyin da zai ɓata a kan gada yake fansa. Shi ya sa hayar wasu gidajen da dala ake faɗarta, kuma filin da babu ma sai an cike ruwa da yashi an ƙirƙiro shi, kamar yadda aka yi Banana Island.

Gwamnatoci sun yi ta gwada magani. A 1977 aka kawo dokar lambar mota, masu mara yau masu cika gobe. Masu hali suka sayi mota ta biyu. A 1983 Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari, gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Sai bayan shekara kusan 40, a Satumbar 2023, jirgin cikin gari na farko ya fara ɗaukar fasinja, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, na biyu kuma daga Agbado zuwa Oyingbo ya biyo baya a 2024. Dukansu biyu ba wanda ya taka Ikoyi ko Victoria Island ko Lekki.

A ɗaya ɓangaren kuma, matalautan da suka yi dabarar zama kusa an kawar da su. Maroko unguwa ce ta talakawa a gefen Victoria Island, inda dubban masu yi wa Ikoyi hidima ke kwana. A Yulin 1990, zamanin Gwamna Raji Rasaki, aka ba su wa'adin kwana bakwai aka rushe ta, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum kusan 300,000 suka rasa matsuguni. An ce wurin na ambaliya ne, bai dace da zaman ɗan Adam ba. Aka cike shi, yau yana cikin filaye mafiya tsada a ƙasar. Hujjar lafiya ce dai ta sake dawowa, shekara 90 bayan Stephens da Christophers. Sannan a Fabrairun 2020 aka hana acaɓa da keke mai ƙafa uku a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da yankin Ikoyi da Victoria Island, aka sake jaddada hana acaɓa a 2022. Da yawa daga masu wannan sana'a 'yan Arewa ne. Akwai dalilai na gaske, na haɗari da fashi, ba a musu. Amma ba a kawo abin da zai maye gurbinsu daidai yawan buƙata ba, kuma wanda ya ji a jikinsa shi ne mai sauka a Obalende ko CMS da sauran tafiya a gabansa.

Wani ɗan abu da ba a cika lura da shi ba: dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ta cire wurare huɗu daga hukuncinta: Apapa, GRA ta Ikeja, Ikoyi da Victoria Island. Ka duba sunayen da kyau. Kusan taswirar Turawa ce ta sake fitowa a cikin dokar ƙarni na 21.

Abuja, wadda aka zana da jirgi

Kano da Legas suna iya cewa gado suka tarar. Abuja ba ta da wannan uzuri, kuma labarinta ya fi ciwo saboda masu zana ta sun san matsalar, sun kuma yi tanadin maganinta.

An kafa Babban Birnin Tarayya da doka a Fabrairun 1976, zamanin Janar Murtala Muhammed, kuma ɗaya daga cikin manyan hujjojin barin Legas shi ne cunkoso. Babban tsarin birnin, wanda wani gungun kamfanonin Amurka mai suna IPA ya miƙa a 1979, ya zana gari mai fukafukai biyu da suka tashi daga tsakiya, ɗaya ya yi arewa maso yamma, ɗaya kudu maso yamma. A tsakiyar kowane fiffike aka bar wata doguwar hanya ta musamman don abin hawa na haɗaka, a fara da bas, in mutane sun yawaita a koma jirgi. Cibiyoyin unguwanni, da kasuwa da asibiti da makaranta, an shirya su ne a jere a kan wannan hanya kamar carbi. An yi hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekara ta 2000, daga ƙarshe kuma kimanin miliyan 3. An kuma tanadi cakuɗa gidaje, manya da matsakaita da ƙanana, don kada a maimaita bariki.

Abin da aka gina da gaske shi ne manyan titunan mota. Kuɗin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka kuma yi gaggawar ƙaura, wadda ta tabbata ranar 12 ga Disamba 1991. Kashi na farko na birnin, wato Garki, Wuse, Maitama, Asokoro da tsakiyar gari, shi ya samu titi da ruwa da wuta da magudana cikakku. Sauran kashin suka yi ta jan ƙafa. To idan fili mai cikakken aiki kaɗan ne, masu nemansa kuma duk manyan ƙasa ne da jakadu da 'yan kwangila, ba sai an yi dogon lissafi ba. Tun dokar filaye ta 1978 hukuma ce ke raba fili a birni, a Abuja kuma sa hannun minista ne, don haka wanda ke kusa da ofis ya samu a farashin gwamnati, ya sayar a farashin kasuwa. Yau hayar gida a Maitama ko Asokoro da miliyoyi gomomi ake faɗarta a shekara, sayensa kuwa daga ɗaruruwan miliyoyi zuwa biliyoyi. Ga shi kuma gidaje da yawa a kulle, ba kowa ciki sai maigadi, domin ba don zama aka gina su ba, ma'ajiyar kuɗi ce.

Leburorin da suka gina birnin an yi musu sansani na wucin gadi a Nyanya. Wucin gadin ya zama gari. Sauran jama'a suka bazu Kubwa, Karu, Lugbe, Gwagwalada, wasu suka tsallaka iyaka zuwa Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, ko Madalla da Suleja a Jihar Neja. Rusau na tsakanin 2003 da 2007, zamanin Minista Nasir El-Rufai, ya ƙara tura dubbai waje da sunan dawo da tsarin asali. A 2006 aka hana acaɓa a cikin birni, a 2013 aka hana ƙananan bas-bas shiga tsakiya. Manyan bas da aka kawo ba su taɓa wadatarwa ba. Giɓin da aka bari motocin gida masu ɗaukar fasinja a hanya suka cike shi, kuma ta wannan ƙofa ce 'yan fashin nan da ake kira wan-cans suka samu shiga. An dawo da tsarin asali ta fuskar rushewa, ba a dawo da shi ta fuskar sufuri ba.

Jirgin cikin gari ya zo daga baya. An ba da kwangilarsa a 2007, Shugaba Buhari ya buɗe shi a Yulin 2018, kimanin kilomita 45 da tasha 12. Annobar korona ta tsayar da shi a 2020, bai dawo ba sai Mayun 2024. Yana tashi daga tsakiyar gari ya bi ta Idu zuwa filin jirgin sama, wani reshe kuma ya nufi Kubwa. Tashoshi da yawa an gina su a wuraren da lokacin buɗewa ko hanyar shiga mai kyau ba su da ita. Bai je Maitama ba, bai je Asokoro ba, kuma abin da ya fi muni, bai je Nyanya da Karu ba, inda taron yake. Layin can yana nan a takarda.

Wa ke biya

A Amurka wata cibiyar bincike a Chicago ta fito da ma'aunin da ke haɗa kuɗin gida da na sufuri wuri ɗaya: kada su biyun su wuce kashi 45 cikin 100 na abin da iyali ke samu, 30 na gida, 15 na zirga-zirga. Mu gwada shi a nan. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, mai shara daga Masaka yana kashe naira 2,000 a yini zuwa da dawowa. A kwana 22 na aiki naira 44,000 ke nan, fiye da kashi 60 na albashin, bai biya haya ba, bai ci abinci ba. Ɗakin Masaka da ya yi kama da araha ashe ba araha ba ne, an dai raba kuɗin ne ana karɓa kullum a tasha. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, wannan lissafi ya daina fita ga mutane da yawa. Jihohi irin su Kwara da Edo sai da suka rage wa ma'aikata kwanakin zuwa ofis. Wasu ma'aikatan Abuja kuwa suka koma kwana a wurin aiki ko a masallaci daga Litinin zuwa Juma'a.

Shi ma mai gidan Maitama bai tsira ba, sai dai nasa biyan a ɓoye yake: mota biyu ko uku, direba, mai, da ɗan aikin da ke zuwa a makare ko ya gudu bayan wata uku.

Boskwatar da Bature ya gina don boyinsa ya kwana kusa ita ma ta canza hannu. A Maitama da Asokoro da Ikoyi yanzu masu gida da yawa hayarta suke bayarwa, ga matashin ma'aikacin banki ko lauya da ya gwammace ya matsu a ɗaki ɗaya da ya kwana a hanya. Mai aikin da aka yi ɗakin dominsa sai ya nemi wani wuri. A Abuja da yawansu Mpape suka nufa, garin da ya taso a kan duwatsu kusa da wuraren fasa dutse, wanda daga samansa ana hango rufin gidajen Maitama. Nan ne wuri mafi kusa da mai ƙaramin albashi ke iya biya. A 2012 hukumar birnin ta sanar za ta rushe shi. Mazauna suka kai ƙara, aka yi shekaru ana shari'a, a Fabrairun 2017 babbar kotun Abuja ta ce rusau ɗin ya saɓa doka. Har yanzu babbar hanya guda ce ke gangarowa daga Mpape zuwa titin da ya raba ta da Maitama, kuma kowace safiya a cike take.